Wane albarushi da wace ƙwayar harsashi zan haɗa don farautar barewa da .308?

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan'uwa da ke zaune a jihar Wiskonsin ta Amurka. Ya ce shekara uku ke nan yana fita farautar barewa da harsashin kanti, bana kuma ya sayi kayan ɗura harsashi a gida. Bindigarsa .308 Winchester ce mai sakata, tsawon bututunta inci 22, kuma a dajin da yake farauta da wuya harbi ya wuce yadi 200. A filin gwajin harbi wani ya ba shi shawarar ya sayi ƙwaya mai nauyin giren 180 irin ta gasa, ya kuma cika albarushi har iyakar da littafi ya yarda, wai ta haka barewa za ta faɗi nan take. Yana so ya ji ko haka ne, da kuma abin da ya kamata ya saya.

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa ka shiga a sa'a. Wanda ya ba ka shawarar nan da kyakkyawar niyya ya yi, amma duka biyun ban yarda da su ba. Ka kuma faro tambayarka daga albarushi, ni kuwa daga ƙwaya zan faro, domin ita ce kaɗai take isa jikin dabbar. Albarushi aikinsa ya ƙare da zarar ƙwaya ta bar bakin bindiga. Idan ka tsayar da ƙwayar da ta dace, littafin kamfanin da ya yi ta zai jero maka albarusai goma ko fiye da suka dace da ita, ka ɗauki wanda ka samu a kanti.

Don kada mu rikice, idan na ce harsashi ina nufin dukansa. Kwanso shi ne gidan tagulla, furaima ita ce 'yar hular da ke gindinsa wadda ke tayar da wuta, ƙwaya kuma ita ce abin da ke fita. Giren ma'aunin nauyi ne, guda 7,000 ke yin fam ɗaya, wato ƙwaya mai giren 150 ba ta cika giram 10 ba. Wani abu kuma tun da wuri: dokar tarayyar Amurka ba ta neman lasisi ga wanda ya ɗura harsashi don amfanin kansa, amma sayar da shi sai da lasisi, kuma jihohi suna da nasu ƙa'idojin a kan ƙwayar da aka yarda a harbi barewa da ita. Duba takardar dokokin farauta ta jiharka ta wannan shekarar kafin ka kashe ko dala ɗaya.

Barewa mai farar wutsiya ba dabba ce mai taurin jiki ba. Fatarta siririya ce, haƙarƙarinta ba kauri, babban namiji a can arewa yakan kai kilo 100 ko ya ɗan ɗara, mace kuwa ba ta kai haka ba. Wurin da kake nema, huhu biyu da zuciya a bayan kafaɗa, faɗinsa kamar inci 8 ne, misalin ɗan madaidaicin faifai. Abin da ake so daga ƙwaya abu biyu ne masu ja da juna. Ana so ta baje da zarar ta shiga, ta yi faɗi kamar an buɗe laima, ta yaga huhu. Ana kuma so ta riƙe jikinta ta ratsa ta fita ta ɗaya gefen, ko da ta ci karo da ƙashin kafaɗa. Ramin fita yana da muhimmanci ƙwarai a daji irin naku mai duhuwa, saboda barewar da aka harba a huhu takan ruga yadi hamsin ko ɗari kafin ta faɗi, kuma jinin da ke zuba ta ramin fita shi ne zai kai ka inda take kafin duhu ya rufe. Maganar "faɗuwa nan take" da aka yi maka, mafi yawan lokaci tana faruwa ne idan an taɓa ƙashin baya ko saman kafaɗa. Ƙarin albarushi ba ya sayo ta.

Shi ya sa ƙwayar gasa ba ta cikin lissafi. An ƙera ta ne don ta huda takarda a wuri ɗaya, ba wanda ya tsara yadda za ta yi a cikin nama. Wani lokaci ta wuce kamar allura ba ta baje ba, wani lokaci ta tarwatse a kan ƙashi. Kamfanin Sierra da kansa yana faɗa cewa bai ba da shawarar a yi farautar manyan dabbobi da MatchKing, ƙwayarsa ta gasa, ba, ga shi kuma yana da GameKing da ya yi don wannan aiki. Mai abu ya ce kada ka yi, me ya rage?

Na koyi wannan darasi ta hanya mai ciwo, ta ɗaya ɓangaren. A shekaruna na farko na ɗura wata ƙwaya marar nauyi mai siririyar riga, irin wadda aka yi don ƙananan dabbobi, saboda ta fi kowace tara harbi wuri ɗaya a takarda kuma gudunta ya burge ni. Na harbi wata mace a tazarar da ba ta wuce yadi sittin ba, ƙwayar ta sauka a kan kafaɗa ta fashe a nan, ba ta kai huhu na biyu ba. Na bi ɗigon jini da tocila har ya ɗauke. Washegari da hantsi na same ta, kerkecin daji sun riga ni. Laifin nawa ne, ni na ɗora wa ƙwayar aikin da ba nata ba, kuma har yau idan na tuna wahalar da dabbar ta sha a daren nan raina yakan ɓaci.

Ƙwayoyin farauta kuwa, mafi tsufa kuma mafi araha ita ce mai cikin dalma da rigar jan ƙarfe, bakinta a buɗe dalmar na leƙowa. Remington Core-Lokt tun 1939 take, ga Hornady InterLock, ga Speer Hot-Cor, ga GameKing ɗin da na ambata. Kada arharsu ta sa ka raina su. A gudun .308, wato ƙafa 2,700 zuwa 2,800 a sakan ga mai giren 150, suna aiki daidai yadda aka tsara su. Inda suke ba da matsala shi ne manyan bindigogin magnum masu wuce ƙafa 3,100, idan aka harbi dabba a kusa: rigar ta rabu da dalmar, ƙwayar ta wargaje. Taka bindigar ba ta kai wannan gudun ba, kuma wannan alheri ne a gare ka.

Irin wannan wargajewar ce ta haifar da Nosler Partition. A 1946 John Nosler ya harbi wani ƙaton mus, dabba dangin barewa mai girman doki, a yankin Biritish Kolombiya na Kanada, dabbar jikinta duk busasshen taɓo, ƙwayoyinsa suka kasa ratsawa yadda ya kamata. Ya koma gida ya ƙera ƙwaya mai ɗaki biyu da katangar jan ƙarfe a tsakani: na gaba ya baje, na baya ya tsaya cur ya ci gaba da turawa. A 1948 ya fara sayarwa. Daga baya aka zo da waɗanda aka like dalmar da rigar, irin su AccuBond. Duka suna da kyau, kuma idan wata rana za ka tafi yamma neman dabbar da ta fi barewa girma, su zan ce ka ɗura. Ga barewa a yadi 200 da .308, kuɗinsu ya fi buƙatarka. Masu kan roba irin su Ballistic Tip da SST suna saurin bajewa, suna kashewa da sauri idan an sa su a haƙarƙari, amma suna ɓata nama idan suka sami kafaɗa a kusa. Wanda zai yi amfani da su a .308, na fi son ya ɗauki mai giren 165.

Nauyi fa? Giren 150 ko 165. Mai 180 tana kashe barewa, ba musu, sai dai a kwanson .308 doguwar ƙwaya tana cin wurin albarushi, gudu ya ragu, dukan kafaɗarka ya ƙaru, ba tare da ka sami wani abin da barewa ke buƙata ba. A bindigar .30-06, wadda kwansonta ya fi faɗin ciki, ta fi zama daram.

Yanzu ga inda zan daɗe, domin ka ce min iyalinka ke cin naman, har da yara ƙanana. Ƙwayar dalma idan ta baje tana zubar da wani kaso na nauyinta a cikin nama, gutsattsari ƙanana da ido ba ya gani, haƙori ba ya ji. A 2008 hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minesota, maƙwabciyarku, ta yi gwaji a kan gawarwakin tumaki, ta ɗauki hotonsu da na'urar hango ƙashi, ta ga ɓurɓushin dalma ya yi nisa da hanyar ƙwaya har inci 18 a wasu lokuta, kuma masu saurin bajewa su suka fi zubarwa. Wanke naman bai kawar da shi ba. Dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro da abin da ke cikin mai juna biyu, ba kuma a san wani adadi nata da ba ya cutar da yaro ba. Idan ka niƙa naman, ka gauraya ta ke nan a ko'ina. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da dalma gaba ɗaya tun 1 ga Yuli 2019, ita saboda manyan ungulayenta masu cin kayan cikin da mafarauta ke bari a daji. A Wiskonsin ba a tilasta maka ba ga barewa, amma ni da kaina na koma ƙwayar jan ƙarfe zalla tun da aka fara yi min jikoki, kuma ita nake ba ka shawara.

Barnes ce ta fara yaɗa irinta da ƙwayar X a 1989, sai TSX a 2003, sai TTSX mai kan roba. Hornady na da CX, Nosler na da E-Tip. Bakinsu yakan tsage gida huɗu ko fiye ya lanƙwashe baya kamar fure, ƙwayar ta riƙe kusan dukan nauyinta, kusan kullum kuma ta fita ta ɗaya gefen. Amma tana da halinta, dole ka san shi. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka ƙwayarsa mai giren 150 ta fi ta dalma mai giren 150 tsawo. Doguwar ƙwaya tana buƙatar murɗiyar cikin bututu mai sauri kafin ta tafi a miƙe. Yawancin bindigogin .308 suna juya ƙwaya sau ɗaya a inci 10 zuwa 12, kuma duk suna ɗaukar mai 130 ko 150 lafiya. Ta kuma fi dalma tauri, saboda haka tana son gudu kafin ta buɗe sosai. Kamfanoni da yawa suna sa ƙafa 1,800 a sakan a matsayin mafi ƙarancin gudun da ƙwaya za ta sauka da shi ta baje. Ga jan ƙarfe ni ba na yarda ya gaza 2,000. Mai giren 150 da ta bar bakin bindigarka da kusan 2,750 tana isa yadi 200 da fiye da 2,300, ka ga kana da sarari mai yawa. Ƙa'idar da mafarauta ke bi ita ce a sauko mataki ɗaya a nauyi idan an koma jan ƙarfe: mai harba 165 na dalma ya ɗauki 150, mai 150 ya ɗauki 130. Sannan kada ka ɗauki awon albarushin ƙwayar dalma ka ɗora wa ta jan ƙarfe don nauyinsu ɗaya. Taurinsu da tsawonsu sun bambanta, matsin da suke tayarwa ma haka. Barnes suna cewa a faro da barin tazarar inci 0.050 tsakanin ƙwaya da farkon murɗiyar bututu, kada a manna ta.

Idan tsadar ta yi maka yawa, ka ɗura ta dalma mai riƙe jiki, ka harbi haƙarƙari, ka yanke nama mai yawa a kewayen ramin ka zubar, kada kuma ka niƙa abin da ke kusa da wurin.

Sai albarushi. Ka fara cire wa ranka albarushin da muka sani a gida, na bindigar toka, wanda maharba ke awonsa da ido ko da 'yar kwalba su danna da sanda. Wancan baƙin albarushi ne. Na bindigarka shi ne marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya fara haɗawa a Faransa a 1884, kuma wata halitta ce dabam. Da sikeli ake auna shi, zuwa kashi ɗaya cikin goma na giren. Wanda ya zuba shi a bindigar toka ya haɗa wa fuskarsa bam. Iyakar matsin da ƙungiyar SAAMI ta masu ƙera makamai ta sa wa .308 shi ne fam 62,000 a kan kowane inci murabba'i, kuma wannan abin yana faruwa ne inci kaɗan daga idonka.

Abin da ya raba albarusai shi ne saurin cinsu. Na ƙaramar bindigar hannu yana ci farat ɗaya, kamar an sa wa busasshiyar ciyawa wuta. Na raifil yana ci a hankali kamar icen kirya, yana bin ƙwaya da turi har ta fita. Idan kwanso babba ne kuma bakinsa ƙarami, ko ƙwaya mai nauyi ce, ana son mai jinkiri. Idan kwanso madaidaici ne bakinsa da faɗi, ana son matsakaici. Tsawon kwanson .308 milimita 51 ne, na .30-06 kuwa 63, alhali ƙwayarsu ɗaya. Shi ya sa .308 da ƙwaya 150 zuwa 165 take son matsakaita: Varget, IMR 4064, IMR 4895, H4895, Reloder 15, ko N140 na Vihtavuori da ake yi a Finlan. Irin su H4350 da H4831, waɗanda masu bindigogin .30-06 da .270 da 6.5 Creedmoor ke yabo, sun yi wa taka jinkiri da wannan nauyi: kwanson zai cika kafin ka sami gudun kirki. Albarushin bindigar hannu kuwa, idan ya shiga kwanson raifil da awon na raifil, bindigar tarwatsewa take yi. Saboda haka gwangwani ɗaya tak ake ajiyewa a kan teburi lokacin aiki, a gama a mayar da ragowar cikinsa kafin a ɗauko wani.

Ka kula da sunaye sosai. IMR 4895 da H4895 ba abu ɗaya ba ne. IMR 4350 da H4350 da Accurate 4350 albarusai uku ne, kowanne da awonsa. Lamba ta zo ɗaya, harafin gaba ya raba su, kuma mutane sun ji ciwo a kan wannan harafin.

A cikin matsakaitan, da za ka sa ni in zaɓa maka ɗaya, Varget zan ce, ko H4895, saboda yanayinku. Za ka yi gwaje-gwajenka a watan Yuli ko Agusta cikin zafi, farautar bindiga ta kwana tara kuma tana buɗewa ranar Asabar ɗin da ke zuwa kafin bikin godiya na Amurka a ƙarshen Nuwamba, lokacin da ruwa ke daskarewa a randa. Albarushi yana ƙara ƙarfi da zafi, yana raguwa da sanyi, wasu kuma sun fi wasu jin wannan canji. Waɗannan biyun, da ake yi wa kamfanin Hodgdon a Ostareliya, an yi su ne don su jure shi. Masu siffar ƙananan ƙwallaye, irin su BL-C(2) da Winchester 748, sun fi daɗin zuba a ma'auni domin suna gangarowa kamar gero, masu siffar sanduna kuwa sukan maƙale, amma tsofaffin masu ƙwallayen sun fi jin yanayi. Ga mai ɗura harsashi ashirin ko arba'in na farauta, sauƙin zubawa ba hujja ba ce, tunda kowanne za ka ɗora a sikeli. Juyin abin ma, wato gwaji a sanyi da harbi a zafi, ya fi haɗari. Na taɓa haɗa wani awo a cikin sanyin Disamba, yana kusa da iyaka, komai lafiya. Da na fito da ragowar a tsakiyar bazara, akwatin ya sha rana a kan benci, harbi na biyu sakata ta ƙi ɗaguwa sai da na sa ƙarfi. Na kwashe sauran na warware su a gida ɗaya bayan ɗaya.

Ka lura ban ba ka awon giren ko ɗaya ba, kuma da gangan ne. Awon yana cikin littafin kamfanin ƙwayar da shafin kamfanin albarushin, inda aka gwada shi da na'urar auna matsi, da wane kwanso, da wace furaima, da wane tsawon harsashi. Ka duba wuri biyu ka gwama. Kada ka karɓi lamba daga bakina, ko bakin mutumin filin harbi, ko wani a intanet. Littafin zai ba ka awon farawa da awon iyaka. Daga na farawa ake tashi, kada ka yi ƙasa da shi, a riƙa ƙarawa da rabin giren, harsashi uku ko biyar a kowane mataki. Iyakar da aka rubuta ta bindigar gwajinsu ce, taka tana iya cika kafin nan. Idan kwansonka na soja ne, irin na harsashin 7.62, bangonsa ya fi kauri, cikinsa ya fi ƙunci, awo ɗaya zai ba da matsi mafi yawa. Duk lokacin da ka canza kwanso, ko furaima, ko ƙwaya, ko ka buɗe sabon gwangwani mai lambar rukuni dabam, ka ja baya ka sake hawa. Kwanson .308 kada ya wuce inci 2.015, ana datse shi zuwa 2.005, domin wanda ya yi tsawo yakan shaƙe ƙwaya a maƙogwaron bindiga matsi ya hau.

Alamun matsi ya yi yawa su ne sakata mai nauyin ɗagawa, tabo mai sheƙi a gindin kwanso, furaima da ta baje ta cika raminta, ko ramin furaima da ya saki har sabuwa ta shige ba turjiya. Ko ɗaya ka gani, tsaya. Sai dai waɗannan alamu sukan makara, wani lokaci sai an wuce iyaka da nisa suke bayyana. Na'urar auna gudu ta fi su gaskiya: idan bututunka mai inci 22 yana ba ka gudun da ya kai ko ya wuce wanda littafi ya samu da inci 24, ba sa'a ka yi ba, matsi ne ya hau.

Me ma za ka samu a iyakar? Ƙarin ƙafa 100 a sakan, ga bindigar da aka saita a yadi 100, bambancin faɗuwar ƙwaya a yadi 200 bai kai inci ɗaya ba. A kan wuri mai faɗin inci 8, barewa ba za ta san bambancin ba. Kwansonka kuwa zai sani, domin zai mutu da wuri. Sau da yawa ma awon da ya fi taruwa yana ƙasa da iyaka da giren ɗaya ko biyu. Wanda ya tara maka harbi uku cikin inci ɗaya da rabi a yadi 100, kuma ya maimaita haka a wata ranar, ka tsaya a kansa ka daina nema.

Idan ka tsayar da shi, ɗura guda arba'in a zama ɗaya, da kwanson da aka harba sau ɗaya ko biyu kawai aka kuma matse shi dukan tsawonsa, don ya shiga ɗakin bindiga ba gardama ranar da yatsunka suka ƙage da sanyi. Kafin ka ɗora ƙwaya, haska tocila cikin kwansunan a jere ka ga albarushin ya zo daidai a kowanne. Rubuta komai a jikin akwatin: ƙwaya, albarushi da lambar rukuninsa, awo, furaima, tsawo, kwanan wata. A filin harbi, bakin bindiga na kallon wurin da ya dace, ka gwada cewa kowanne yana shiga gidan harsashi yana kuma hawa ɗaki sumul. Sannan ka koma a farkon Nuwamba da sassafe, ka bar bindigar da harsashin su sha sanyi, ka yi harbi ɗaya daga bututu mai sanyi, a zaune ko a jingine da itace kamar yadda za ka yi a daji, sanye da rigar da za ka sa ranar. Inda wannan harbin na farko ya sauka, nan za ka daidaita madubin saitin bindigarka. Ashirin na gwaji ne, ashirin na daji. Ka yi bisimilla kafin ka ja kunama, wuƙarka kuma ta kasance a wasa a kugu, idan ka iske ta da sauran rai ka yanka.